Mu da Jan Biron Tica

Mu dai mutanen zangon Paga akwai mu da son jan biro. Yaro ya dawo daga boko, ba ma tambayarsa abin da ya gane yau. Littafin muke karɓa mu buɗe, mu bi shafi da ido. In alamar daidai ta cika shafin, ranar yaro zai ci nama biyu a tuwon dare. In gicciye ne ya yi yawa, sai a ce ai dama tican nan ba ya ƙaunar gidanmu. Da yawanmu ba ma iya karanta abin da aka rubuta, amma goma bisa goma babu wanda bai santa ba, har kakar da ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

Rikicin a aji huɗu yake farawa. Yaron da yake kawo goma-goma tun daga aji ɗaya, sai ka ga ya koma uku da huɗu, gida ya ɗauki zafi. Hajiya mai koko ta layinmu ta rantse baki ne ya kama jikanta, har rubutu ta karɓo masa. Wani tsohon tica da muke zaman benci da shi a wurin mai shayi ya ce mata, "Hajiya, ki bar ɓata kuɗinki. Ba baki ba ne, Turanci ne."

Kuma gaskiyarsa. Tsarin gwamnatin Ghana shi ne a koyar da yaro da harshen gida daga ajin raino zuwa aji uku, daga aji huɗu kuma komai ya koma Turanci: lissafi, kimiyya, tarihi, duka. Ministan ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada batun harshen gida a 2025, aka yi ta muhawara a rediyo. To amma harshen gidan wa? Harsuna goma sha ɗaya aka daɗe ana buga littattafan makaranta da su. A nan Paga Kasem ne, a Salaga Gonja, a Yendi Dagbanci. Hausa ba ta cikin lissafin, ko da yake da ita ake ciniki daga kasuwar Bawku har Nima a Accra. Saboda haka ɗan zango yana tashi da Hausa a gida, ya yi Kasem a filin wasa da ƙananan azuzuwa, ya yi Larabci a gaban malam, ya shiga aji huɗu Turanci ya rufe shi. Manhajar 2019 ta ƙara masa Faransanci tun daga wannan ajin. Yaro ɗan shekara tara ko goma ke nan da harshe biyar a ka, mu kuma da ba mu wuce biyu da rabi ba muna ce masa daƙiƙi.

Hajiya ba ta yarda ba. "To Malam, ai yana karantawa. Jiya a gabana ya karanta shafi guda bai tsaya ba."

"Kin tambaye shi me shafin ya ce?"

"Ni da ba na ji, in tambaye shi in gane me?"

Nan fa aka kwashe da dariya, amma wurin ke nan da muke faɗuwa gaba ɗayanmu. Mu mutanen hadda ne. A makarantar allo muka tashi, inda yaro yake biya karatu har ya zauna masa, a wanke allo a ƙara wani, fassara sai an girma. Tsari ne mai kyau ga abin da aka yi shi dominsa, kuma shi ya sa yaranmu suke cinye jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu kafin sa'o'insu. In ka bi ta bayan aji da safe ka ji ana rera biyu sau ɗaya biyu, muryar 'yan zango ce a sama. Matsalar ita ce aji biyar ba ya tsayawa a nan. Tica zai rubuta labari a allo: wata mata ta sayi kaza, ta sayar da kaza, nawa ya rage mata? Yaro ya san lissafin sarai, labarin ne bai ji ba. Sai ya tsinci lambobin da ya gani ya tara su, ya miƙa littafi.

Shi wannan yaron da ya ci sifili, ka tura shi bakin iyaka da tiren ruwan leda ka sha kallo. Direban babbar mota da ya ɗauko kaya daga Tema zai wuce Wagadugu ya miƙo masa sefa, yaro ya juya ta zuwa sidi a ka, ya cire kuɗin ruwa, ya ba da canji, har ya ɗan ƙara wa kansa riba, duk kafin a ɗaga shinge. Faransancin da tica yake fama ya koya masa daga littafi, a makarantun da aka yi sa'ar samun mai koyar da shi, yaron ya riga ya tsinci na ciniki da na zagi a bakin 'yan Dakola da Po na tsallaken iyaka.

Ranar makaranta kuwa mun santa ko ba mu taɓa shiga aji ba, domin ta gabanmu take wucewa. Da sassafe yara da tsintsiya, kowane rukuni da yankin da zai share, a lokacin hunturu ƙafafu fari fat ana hura hannu. A yi layi, a duba farce da haƙori, a rera taken ƙasa, a buga ganga a yi maci zuwa aji. Sannan lissafin ka, tica yana jefa tambaya yana nuna yaro da yatsa. Sai shifta. Sai kuma abin da ya fi cin lokaci, kwafar rubutu daga allo. An kwashi shekaru bayan sauya manhaja a 2019 kafin sababbin littattafai su isa hannun yara, don haka tica ya rubuta, yara su kwafa, ya goge, ya sake rubutawa. Mai saurin hannu ya gama, mai nawa ya tafi gida da rabin jimla. In tica ya fita, monita ya tsaya da takarda yana rubuta sunan masu surutu, kuma duk zango ya san ana fansar suna da ƙosai ɗaya.

Sabuwar manhajar ta ce a riƙa zaunar da yara rukuni-rukuni su tattauna, su gano amsa da kansu. Alhaji mai shagon kayan babur ya leƙa ajin 'yarsa ya tarar an juya benci, yara suna fuskantar juna suna ta magana, tica yana zagayawa hannu a baya. Ya dawo benci ransa a ɓace. "Albashin me ake ba shi? Yara na hira, shi yana yawo, bulala ma an hana." Hanawar gaskiya ce, hukumar ilimi ta haramta duka a makarantu, ta sake aika umarni a 2019. Mu kuwa har gobe mukan kai yaro mu ce wa tica ya doke shi da kyau, ido kawai zai bar mana. Ranar da ya doka ɗin, uwar ce ta farko a ƙofar ofishin hedimasta, mayafi a kafaɗa. Ni dai a ganina wannan hirar ta rukuni ita ce kaɗai lokacin da yaro yake samun wanda zai fassara masa tambaya da Hausa ko Kasem ba tare da an ce ya yi laifi ba, kuma da yawa a nan suke fara ganewa.

Darasin kwamfuta ma daga aji huɗu yake. Inda babu na'ura, zana ta ake yi. Duniya ta yi ta mamaki a 2018 da hoton Richard Appiah Akoto, wani tica a yankin Ashanti, ya bazu yana zana fuskar Microsoft Word da alli kala-kala. A bencinmu babu wanda ya yi mamaki. Abin da ya burge mu shi ne kyan zanensa.

Darasin da ya fi jawo mana tambayoyin da ba mu shirya musu ba shi ne tarihi, wanda aka mayar da shi firamare a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaro ya je yawon makaranta Pikworo, nan bayan gari a Nania, ya ga ramukan da aka sassaƙa a dutse inda bayi suke cin abinci. Aka ba shi labarin kasuwar bayi ta Salaga da rijiyoyinta, da Babatu Bazabarme da ya addabi wannan yanki, wanda kabarinsa yake Yendi. Ya dawo ya zauna kusa da kakansa ya ce, "Baba, mu a lokacin muna ta wane ɓangare?" Tsoho ya gyara zama, ya ce fatauci ya kawo kakanni, goro da gishiri da kanwa, ya kuma tuna ana kiran salla. Muna son yaro ya san Salaga ta Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya mayar da shi Kete Krachi, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa. Ɗayar Salagar kuwa mun bar wa tica.

Sai batun lokaci, wanda ba ma son a taɓo. Kasuwa a wannan yanki duk bayan kwana uku take ci, kuma tica yana gane ranar kasuwa daga rajista ko bai duba kalanda ba. Yarinya 'yar aji shida ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta kai koko, ta shiga aji a makare, ta tashi ta wuce makarantar allo, ta dawo ta yi wanke-wanke. Aikin gida sai bayan isha, a hasken wayar yayanta, in ya ga dama. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi domin a haɗa boko da Arabiyya a rufi ɗaya, kuma makarantun nan sun rage wa yara zirga-zirga a Yendi da Salaga da Bawku. Duk da haka mukan ƙara musu na yamma, don kada a ce ɗan wane bai sauke ba. 'Yan'uwanmu na Bawku suna da nasu ƙarin, dokar hana fita da ranakun da tica ba ya iya zuwa.

Abincin makaranta, wanda aka fara tun 2005, ba ma wasa da shi. Kwano yana shiga jaka kafin littafi. Uwa za ta iya manta ranar jarrabawar ƙasa da aka fara yi wa 'yan aji huɗu a 2021, amma ta san ranar shinkafa da ranar wake.

Taron iyaye da malamai kuwa mutum goma ne, rabi kakanni, kowa ya aiko da uzuri. Ranar rufe zango ce ake ganin mu. A ɗinka sabon kaya, a dafa shinkafa da ƙwai, a sa lemo a kwando, a ba yaro ya kai wa tican da aka yi wata uku ana cewa ba ya ƙaunar gidanmu. Hajiya mai koko har zabuwa ta aika bana. Da aka tambaye ta ko ta fasa zancen baki, ta ce a'a, tana nan a kan bakanta, amma yaron zai shiga aji biyar, kuma an ce tican ne zai bi su can.