Kowa da Irin Riƙon da Yake Wa Bindigarsa

A da, a gundumar Ƙetare, bindiga kayan maharba ce. An san mai ita, an san ranar fitarta: ko farautar rani, ko ranar sallah a ɗura mata albarushi a buga wa Hakimi. Sai zamani ya juya. Tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, mutanen Faskari da Sabuwa sun daɗe da manta barci mai nauyi. A 2021 Gwamna Masari ya fito fili ya ce jama'a su tashi su kare kansu. Bindigar toka ta bar ɗakin maharbi, ta shiga ɗakin tela da na mai shayi da na malamin firamare. Mallaka kam an mallaka, riƙon ne kowa da nasa.

Akwai Mai Shafa. Shi wannan tasa ta zama kishiya a gidan. Da ya idar da sallar asuba zai shimfiɗa buhu a ƙofar ɗaki, ya kwantar da ita, ya ɗauko kwalbar man keke da tsumman tsohuwar singileti, ya bi ta lungu-lungu yana goga yana hura mata iska. Man keken kuwa na uwargida ne, da shi take ɗinkin da ake cefane. In ta ce, "Malam, man nan fa tsada yake," sai ya ce, "Ke kin san abin da damina ke wa ƙarfe?" Gaskiyarsa, raɓa da gumi suke haifar da tsatsa. Inda ya wuce gona da iri shi ne, mai ya yi mata yawa har ƙurar hunturu ta manne ta zama kwaɓa, kunamar ma da ƙyar take motsi. Bai taɓa harba ta ba, kada ta yi datti.

Maƙwabcinsa Mai Laya bai san tsumma ba. Tun daga gindi har baki layu ne da guraye da jan ƙyalle, sai ka lalubi ƙarfen ka rasa. In ka ce masa, "Baba, ko a duba cikinta?" sai ya yi murmushin tausayin jahilcinka, ya ce wadda aka dafa ba ta tsatsa. Ranar da 'yan sintiri suka taru aka ce kowa ya kawo tasa a gani, maƙeri ya tabbatar ba a ɗure take ba, ya ɗaga ta saitin rana ya leƙa, bai ga haske ba. Ya zura tsinke, sai ga busasshen laka yana zubowa, da 'yan tsutsotsi a dunƙule. Ashe zanzaro ya yi gini a ciki, har ya yaye 'ya'ya. Baba ya karɓi abarsa, ya ce ai shi ma zanzaron turo shi aka yi.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Mai Aljihu. Ba ya harka da doguwa, wai ta ƙauyawa ce. Tasa ƙarama ce, libarba, kuma shekara da shekaru tana aljihun dama. Tafiyarsa a karkace, hannu dafe da cinya, in zai zauna a benci sai ya gyara riga a hankali yadda kowa zai lura. Ba wanda ya taɓa ganinta. Dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, alhali ta toka Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da izininta. Don haka duk mai ita da gaske ba zai yi shela a teburin mai shayi ba. Kuma ko da akwai ta, wane ƙarfe ne zai rayu a aljihun nan? Ɓawon gyaɗa, garin goro, zaren ɗinki, tsohon katin waya, ga zufar Afrilu. Asirin ya tonu ne a wani ɗaurin aure, ya sunkuya ɗaukar dabino, abin ya faɗo ƙasa tim. Jama'a suka dare. Tocila ce 'yar Sin, batirinta ma ya zube.

Mai Aro ba sai an daɗe a kansa ba. Ya karɓa da magariba, ya dawo da ita bayan kwana tara da laka har wuya, ya kuma yi ƙorafin ba ta da saiti.

Sai Masanin Benci. Tun da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma a Oktoban 2023, ya zama mai sharhi a kan makamansu. Daga ƙara yake gane ƙira, ya faɗa maka ƙasar da aka yi ta. Sau biyu abin da ya fassara salansar babur ce.

Tsohon maharbi yana jin su duka, ba ya tankawa. Shi in ya dawo daga daji ba ya shiga da ita gida a cike, ya wanke ragowar albarushi saboda ya san yana jan danshi, ya busar, ya ɗan shafa mai, ya rataye inda hannun jika ba ya kaiwa. In ka matsa masa da tambaya sai ya ce shi don gada da zomo ya gaji tasa, sauran zancen a tambayi hukuma.

Wanda gari bai yafe wa ba shi ne Mai Gwaji. Ya gyara tasa tsaf, zuciya ta ce masa anya tana tashi? Bai tashi gwadawa ba sai ƙarfe biyun dare, a bayan gari, a ƙasar da ƙara ɗaya ke sa uwa ta saɓi goyo ba zani. Rabin unguwa a gonar dawa suka kwana, sauro ya yi biki. Da safe aka gurfanar da shi gaban mai unguwa, ya duƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, so nake in tabbatar tana aiki." Mai unguwa, da ƙaiƙayi a wuya da takalmi ƙafa ɗaya, ya ce a karɓe bindigar, a ba shi gwangwani da sanda, in ya ga wani abu ya buga.