Kafin Ku Ɗaure Ni Zuwa Dawanau

Tun ban rufe baki ba na ji wani ya ce, "Wannan malamin sai an kai shi Dawanau." Ai can na nufa, Alhaji, amma kasuwar hatsi, ba asibitin masu taɓin hankali ba. Maganar koya wa yaran Dawakin Tofa haɗa mutum-mutumi nake yi, kuma na san kun tanadi dariyarku. Ina wuta? Ina kwamfuta? Yaron da ya taso yana korar tsuntsaye a gonar gero, me ya haɗa shi da wannan?

Bari in ba ku haushi. Allon micro:bit da BBC ta raba wa ɗalibai a Birtaniya a 2016 bai cika tafin hannu ba, kuma batir biyu irin na rimot ke tashinsa. Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, cajar waya ta ishe shi. A maƙala masa 'yar na'urar auna laima, a ajiye a sito tsakanin buhunan riɗi, ya riƙa yin ƙara idan danshi ya yi yawa. Ku tambayi wanda damina ta taɓa ɓata wa kaya ko wannan wasan yara ne.

Ku masu dariya ma da sauƙinku. Masu sa ni ciwon kai su ne malaman kwamfuta da suka yarda da abin, sannan suka rabu biyu. Wasu sun ce a fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda yaro ke jawo umarni ya jona su ba tare da ya rubuta komai ba. Wasu sun ce wannan shirme ne, a ba shi Python ko C++ ya rubuta da hannunsa, ko da alamar rubutu ɗaya da ya manta za ta hana 'yar motar da ya haɗa motsi har a tashi daga aji. Kafin ka ankara, an ajiye maganar yara, an koma "kai jahili ne".

Su zo su ga dillalan wake. Mai saye zai soka ƙarfe a buhu, ya zuba ƙwaya a tafi, ya ciza ɗaya, ya kushe kayan son ransa, ya yi tayi. Mai kaya ya ce albarka. A ja, a sake ja, wani lokaci a rabu ba ciniki, amma da la'asar kwano ɗaya suke ci. Waken aka kushe, ba uban mai waken ba.

Kuma rabin gardamar nan allon ne ke raba ta. Arduino Uno na asali kilobayit 2 kacal yake da shi na ƙwaƙwalwar aiki, Python ba zai zauna a ciki ba komai ƙaunarka da shi. Shi kuwa micro:bit yana karɓar duka biyun, jone-jonen da Python. Ni dai ra'ayina, ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare ya fara da jone-jonen, ya ga taya ta juya tukuna, rubutu ya biyo baya. Wanda bai yarda ba, ya kawo ɗalibansa da motarsu, mu shata layi a ƙasa mu ga wadda za ta bi shi. Wanda aka kayar shi zai sayi fura.