Yadda Za Ka Zaunar da Kuka a Cikin Kasko

Idan ka ƙuduri aniyar zaunar da kuka a cikin kasko, ta shekara talatin ba ta wuce gwiwarka ba, to kada ka fara da kukar. Fara da neman maginiyar tukwane, ka kuma tanadi bakin da za ka yi mata bayani, don nan ne aikin ya fi wuya. Ka durƙusa ka gaishe ta, sannan ka ce, "Inna, kasko nake so, mai faɗi, marar zurfi, da 'yan ƙafafu huɗu, a kuma huda mini gindinsa." Za ta ajiye yumɓun hannunta ta dube ka. Matar da ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da yoyo, yau ka zo ka ce ta gina abin da zai yi yoyo da gangan! Za ta ce, "Ɗan nan, lafiyarka kuwa?" Ka ce lafiya lau. Kome za ta faɗa, kada ka janye maganar hudar nan, domin kaskon da ba ya zubar da ruwa ruɓar da saiwa yake yi. Manyan huda biyu na ruwa, ƙanana huɗu na wayar da za a ɗaure bishiyar da ita, kuma tun yumɓun yana ɗanye.

Za ta tambaye ka ina ka samo wannan fitina. Ka ce mata daga Japan, su ma daga Sin suka karɓo. Bonsai suke ce masa: a raini bishiya a ƙaramin kasko, ana datse mata saiwa da rassa, har ta tsufa da siffar babbar bishiya amma da tsayin ɗan yaye. A birnin Washinton na Amurka akwai irin wannan itace da aka fara raino tun 1625. Yana gidan masu shi a Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945, ya tsira, aka ba Amurka shi kyauta a 1976. Garin Tokoname kuwa ya yi suna a duniya a kan gina waɗannan kasake, kuma galibinsu jan yumɓu ne tsura, babu fenti. Ka jaddada mata wannan. Za ka ga fuskarta ta sake.

Ba sai ka je Japan ka ga samfuri ba. Hau duwatsun Rano ko na Rurum, ka duba tsagar dutse. Za ka tarar da 'yar cediya ko gamji ta maƙale a wurin, gindinta ya yi kauri ya murɗe, saiwoyinta sun rungume dutsen suna laluben 'yar ƙasar da iska ta tara, ganyenta ƙanana. Ta yi shekaru a haka, ba wanda ya taɓa ba ta ruwa. Ka zauna ka ƙare mata kallo, amma ka bar ta inda Allah ya ajiye ta. Kai dai ɗauko siffar a idonka, ka koma gida ka shuka taka: kuka, tsamiya, ko reshen cediya, wanda kamawarsa ba wuya. Ƙwallon kuka taurin kai ne da shi, sai ka kankare bayansa ko ka jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya yarda ya tsiro.

Wajen haɗa yumɓu kada ka buɗe baki, ka fi ta jahilci. Ta san ramin da ake haƙa, ta san yawan dakakken tsingaron da za ta zuba don kada kaskon ya fashe a wuta. Naka kawai awo. Tsawon kasko ya kai kamar kashi biyu cikin uku na tsayin bishiyar, zurfinsa kuma ya yi daidai da kaurin gindinta, ko da yake kuka da tsamiya a zafin ƙasarmu suna son a ƙara musu ɗan zurfi. Ka ce ta ɗara awon kaɗan, domin yumɓu yana tsukewa idan ya bushe ya kuma sha wuta. Gindin ya zama shimfiɗaɗɗe, kada ya yi kwarin da ruwa zai kwanta. Wannan ma za ta yi gardama, don hannunta ya saba da zagayayyen gindin tukunya.

A shanya shi a inuwa, a lulluɓe da tsumma. Faffaɗan gindi shi ne abin da iskar hunturu ta fi so: gefe ya bushe, tsakiya da saura, sai ka wayi gari ya tsage daga huda zuwa huda. Shi ya sa mai hankali yake cewa a gina masa uku.

Yanzu ga inda rigima take. Wani abokinka zai nuno maka hoto a waya, kasko shuɗi yana walƙiya irin na tangaran, ya ce haka za a yi wa naka. Ka zaunar da shi ka ba shi labarin Ladi Kwali, matar da ke bayan takardar naira 20. Tun tana yarinya take gini da hannu, ana gashi a fili da itace da ciyawa, irin dai na Inna. Sai a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A can ne tukwanenta suka samu ƙyallin tangaran, kuma ba da surkulle ba: toka ce da garin dutse da yumɓu ake damawa a shafa, a saka a tanderun da zafinsa ke wuce digiri 1,200, har shafin ya narke ya koma gilashi. Toka kam muna da ita, garin dutse kuwa ai Rano ce gidansa. Abin da ba mu da shi wutar ce. Gashin fili da karan dawa da kashin shanu da wuya ya haura digiri 900, kuma yumɓun tukunya kansa ba kowanne ne zai jure waccan wuta ba, sai ya lanƙwashe. Idan ka shafa toka ka gasa a fili, abin da za ka kwaso kasko ne mai toka.

A nan raha ta tsaya. Duk wanda ya ce maka a fasa tsohon batirin mota a sa dalmarsa don ƙyalli ya fito a ƙaramar wuta, ka kore shi. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. Babu kaskon da ya kai a shigo da ita gida.

Kuma me ma kake nema da shuɗi? Bari Inna ta yi nata. Kasko na fara ƙarfi za ta shafe bayansa da jar ƙasa, ta ɗauko 'yar sumulmular tsakuwa ko jeren 'ya'yan kuka, ta yi ta goga har ya ɗauki sheƙi. Ranar gashi, ana zaro shi daga wuta da dogon sanda, yana zafi jawur, ta tsoma tsintsiya a ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, ta fyaɗa masa. Ka ji cuuu, tururi ya tashi, bayan kaskon ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi da ja wanda babu kasko biyu da za su yi iri ɗaya. A idona wannan ya fi dacewa da tokar fatar kuka fiye da duk wani fenti, kuma masu sana'ar a Japan ma ba sa shafa wa cikin kasko kome, don saiwa ta samu abin kamawa. Robobi da randunan roba sun cinye kasuwar magina, amma masu sayar da furanni a bakin titunan Kano da Abuja kullum neman kaskon shuka suke. Saboda haka idan ta faɗi kuɗi, ka biya, kada ka tsaya neman ragi a kan aikin mako biyu.

Saura tsaro. Da rani kuka za ta zubar da ganye, kada tausayi ya sa ka dinga ɗura mata ruwa, barci take yi. Ka ɗora kaskon inda akuya ba za ta kai ba, ka kuma tuna akuya tana miƙewa a kan ƙafa biyu. Sannan ka tara mutanen gida ka yi musu jawabi a fili, tun daga uwargida har autan yara, cewa wannan kukar ba ta miya ba ce. Ka maimaita jawabin da farkon damina, lokacin da sabon ganye ya fito lumbu-lumbu, kuma ka tabbata ka sayo musu garin kuka mudu guda kafin ka fara magana.