Tsiro Goma Sha Biyu, Masana Arba'in

Laifin Jos ne. Da ban je ɗaurin aure can a watan Disamba ba, da har yau ina zaune lafiya da uwargida da yakuwarta. Mun tsaya sayen tsaraba sai ga wata yarinya da 'yan robobi cike da wasu jajayen 'ya'ya masu ƙyalli, kai ka ce amare ne aka jera. Sitiroberi. Na ɗanɗana ɗaya, tsami-tsami, zaƙi-zaƙi. Da na ji kuɗin roba guda, ɗan kasuwan da ya daɗe yana barci a cikina ya yi miƙa. Aka ce a Chaha ake noma shi, wani ƙauye kusa da Vom. Ban baro Filato ba sai da tsiro goma sha biyu a kwali.

Abu ɗaya ne lissafina ya tsallake. Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, garin da ake neman bargo. Gidana kuwa a Kano yake, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, ƙadangare ma ba ya yarda ya sauke ƙafa huɗu a ƙasa lokaci guda.

"Baban yara, ina za ka kai wannan ganyen?" in ji uwargida, ganin na nufi yakuwarta da fartanya.

Na ce mata abin Turawa ne.

"To, Turawan su zo su kaɗa maka miya."

Na tuge yakuwar, na haɗa da rabin ramar. Na ja fangali, na cakuɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, na dasa kowane tsiro da tazarar taku guda. Mai sayarwa ya gargaɗe ni: kada in binne wuyan tsiron ya ruɓe, kada in bar saiwa a waje ta bushe. Na baza buntun shinkafa don laima ta zauna. Har nan komai daidai. Sannan na ɗauki hoto na ɗora a WhatsApp, na rubuta "noma tushen arziki" a ƙasa.

Kafin la'asar unguwarmu ta cika da masana. Maƙwabcina na dama, wanda ya yi shekara talatin da biyar a ofis bai taɓa shuka ko gero ba, ya leƙo ya ce, "Malam, toka za ka barbaɗa." Mai shayin bakin layi ya aiko da ɓawon ƙwai cike da leda, ya ce ganyen shayi yana tafe. Wani saurayi ya tsaya a kaina yana karanto min daga waya cewa fitsarin zomo ya fi takin zamani, kuma, ikon Allah, yayansa yana kiwon zomaye. A majalisa aka raba gardama biyu: wasu suka ce a inuwa ake sa shi, wasu suka ce rana yake so. Ana cikin haka wani dattijo ya tambaya ko hawa ake yi a tsinko, ko da gora ake kaɗowa. Shi ne kaɗai ya yarda bai sani ba, kuma shi aka yi wa dariya.

Gwanin duka shi ne wanda ya dubi fangalin ya taɓe baki: "Wannan? A ƙauyenmu a daji yake fitowa, awaki ke ci." Mutumin nan, ko jirgin sama ka saya, akwai irinsa a ƙauyensu, yara ke wasa da shi.

Bayan masana sai masu rabo. Ko fure bai fito ba ƙanwata ta bugo daga Kaduna a ajiye mata na bikin 'yarta. Abokina ya ce matarsa tana da juna biyu, ba abin da take marmari sai shi. Ɗan ga-ruwa, da nake sayen jarka biyu safe da yamma a wurinsa, ya koma gaida shukar kafin ya gaishe ni. Na ƙirga masu jira sun kai arba'in. Tsiron kuwa ya koma tara, don na bi shawarar toka da ta zomo a rana ɗaya.

Da dare nakan lallashi kaina da tarihi. A 1714 wani Bafaranshe, Frézier, ya ɗauko tsiro biyar daga Chile ya ƙetare teku da su. Ashe duk mata ne, suka ƙi haihuwa. Sai da aka dasa yaɗonsu kusa da wani iri na Amurka ta Arewa, wajen shekarun 1750, aka sami sitiroberin da duniya ke ci yau. Shi dai ya yi sa'a, ba wanda ya ba shi lambar mai zomaye.

Ƙarshen Fabrairu Allah ya kawo 'ya'ya uku. Tsuntsu ya riga ni ga na farko. Na biyu autana ya ce faɗuwa ya yi, cikin bakinsa. Na uku na kafa masa gidan sauro, na yi gadi har ya nuna, na ɗauke shi hoto ta fuska shida. Ranar surukata ta zo, na ɗora shi a faranti, na durƙusa na ce, "Hajiya, ga amfanin gona." Ta juya shi, ta gatsa, ta yamutsa fuska.

"Ɗan nan, tumatir ne ya yi ƙuraje? Da magarya ka samo min."

Zafin Maris ya ƙarasa sauran. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta dai aiki yaro kasuwa sayen irin yakuwa, da kuɗina.

Hoton kuwa yana nan yana yawo. Shekaranjiya wasu samari suka yi sallama, suka ce sun ji ni ne mai gonar sitiroberi, suna so in yi wa ƙungiyarsu bita. Na gyara zaman hula, na ce a sa ranar Asabar, kuma kowa ya taho da toka.