Matambayi Ba Ya Ɓata, Sai a Hannun 'Yan Golf na Niyok

Wanda ya ce matambayi ba ya ɓata bai taɓa tsayawa a ƙofar masallaci a unguwar Bronx bayan an sallame Juma'a ya tambayi inda baƙo zai buga golf ba. Yayana ya yi wannan kasada ina tsaye a gefensa. Ya zo Niyok ne bikin kammala karatun 'yarsa, kuma tun da ya yi ritaya a Kaduna ba shi da wani aiki sai ƙwallon lambu, kamar yadda 'yan rediyo ke kiran wasan. Bayaninsa bai da wata kwana. Safiyar Litinin kawai gare shi, ba shi da mota, bai zo da sandunansa ba, gwiwar hagu tana yi masa tsiya, kuma shi ba gwani ba ne. Abu biyar ke nan. Ku riƙe su, don babu wanda ya riƙe su a cikin waɗanda suka kewaye mu.

Filayen golf a nan iri biyu ne. Akwai na kowa da kowa, yawanci mallakar hukumar birni ko ta jiha, inda za ka kama lokaci ta intanet, ka biya, a haɗa ka da wasu mutum uku da ba ka taɓa gani ba. Akwai kuma na kulob, wanda ko ka zo da dala cike da buhu mai gadi ba zai ɗaga maka ƙarfe ba sai wani mamba ya gayyace ka. A tsibirin Manhattan kuwa, inda baƙi ke sauka, babu fili mai ramuka 18 ko ɗaya. Dole ka fita, dole ka yi tambaya, kuma a nan ne ake kama ka.

Na farkon da ya cafki hannun Yaya shi ne Na-san-mutum. Kowane gari yana da nasa, amma na Niyok ya fi saura ƙamshin turare. Ya dubi Yaya sama da ƙasa ya ce, "Haba Alhaji, mutum kamarka a filin gwamnati? Winged Foot za ka buga." Ya faɗi sunan a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Kulob ne da ke Mamaroneck, arewa da birni, inda aka yi gasar US Open a 2006, shekarar da Phil Mickelson ya zo ramin ƙarshe kofi na hannunsa ya watsar, Geoff Ogilvy ya tsinta. Na-san-mutum ba mamba ba ne. Mutumin da ya sani ma ba mamba ba ne. Amma mutumin yana yi wa wani likitan haƙori lissafin haraji, shi kuma likitan surukinsa mamba ne, ko ya taɓa zama, ko yana cikin layin jira. Ya zaro waya nan take ya buga, ya yi nesa da mu taku uku, muna jin "yes, yes" har sau takwas. Ya dawo yana gyara babbar riga ya ce, "An gama. Ka bar wayarka a kunne." Yaya ya bar ta a kunne har a bakin sallah.

Bai gama rufe baki ba sai ga Ɗan Bethpage, wanda ke ganin duk wasan da ba a sha wuya a kansa ba wasan yara ne. Bethpage wurin shaƙatawa ne na gwamnatin jiha a Long Island, yana da filaye biyar masu sunan launi: Baƙi, Ja, Shuɗi, Kore da Rawaya. Shi Baƙin kaɗai ya sani. An buɗe shi a 1936, kuma a 2002 ya zama filin gwamnati na farko da aka yi US Open a kansa, Tiger Woods ya lashe. A bakin ramin farko akwai allon gargaɗi cewa filin yana da matuƙar wuya, ƙwararru kawai ake ba shawarar su shiga. Mai hankali ya karanta ya koma Rawaya. Ɗan Bethpage ya ɗauki hoton allon ya maƙala a falo kusa da hoton aurensa.

"Ranka ya daɗe, abu ne mai sauƙi," in ji shi. "Mu tafi da yamma mu ajiye mota a layi, mu kwana a ciki. Kafin asuba za a raba lamba." Wannan ba ƙarya ba ne, haka mutane ke yi don su samu gurbin da aka ware wa waɗanda suka zo da ƙafarsu. Yana ba da labarin kwanan motar nan idonsa na ƙyalli, kamar alhajin da ya je Makka ta ƙasa a zamanin da: sanyin dare, shayi a fulas, wuyan da ya sage, jakar da ya yi matashi da ita. Yaya ya ce gwiwarsa fa. Ya ce ai a Baƙi ba a ma yarda da 'yar motar da ke ɗaukar 'yan wasa ba, ƙafa ce zalla, tsawon ya haura yadi 7,400 ban da hawa da sauka, "gwiwar za ta warke ko ta ƙi." Na tambaye shi bugu nawa ya yi ranar da ya samu shiga. Ya ce a wuri irin wannan ba a ƙirga bugu.

Akwai wani malamin jami'a da ya tsaya a gefe yana girgiza kai. Shi na kira shi Mai-tambaya, don ba ya ba da shawara sai ya gama bincike. Nawa ne handikaf ɗin Alhaji, wato bugu nawa ake yi masa rangwame? Ashirin da huɗu. Na hukuma ne ko na baka? Ya fi son fili mai bishiyoyi ko fetal irin na bakin tekun Sikotilan? Ƙwallonsa dama take karkata ko hagu? Dala nawa ya ware? Yaya ya amsa duka, kamar mai neman biza. Malam ya yi shiru, ya shafa gemu, ya ce, "To, gaskiya ya danganta." Ya sa takalmi ya tafi.

Sai Mai-kishin-gida, wani dattijo mutumin Jos da ya shekara talatin a Amurka amma har yau bai yarda an fi garinsu komai ba. A wurinsa tambayar ma zunubi ce. "Ka baro Kaduna ka zo nan neman golf? A filin Rayfield na garinmu tun 1913 ake bugawa, tun Turawan kuza na gari." Ya ce ciyawar nan mai laushi ita ta lalata 'yan wasan Amurka. Abin da yake nufi shi ne, a nan da'irar da ke kewaye da rami ciyawa ce da ake aske ta kamar kan ango, ana ce mata girin. A filaye da dama na Arewa kuwa yashi ne da ake cuɗawa da baƙin mai, a share wa ɗan wasa hanya kafin ya gangara ƙwallo. Dattijo ya ɗaga yatsa ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tamu ce ta yi mai." Ya yi dariya har da tari. Na san ya shekara ashirin yana ajiye da wannan magana yana jiran wanda zai faɗa wa. Da aka matsa masa ya faɗi fili ɗaya a Niyok, ya ce shi bai taɓa ɓata kuɗinsa ba.

Mai-hoto yaro ne, bai kai talatin ba. Shawararsa Ferry Point, a gindin gadar Whitestone, wanda Jack Nicklaus ya zana aka buɗe a 2015, don daga can dogayen benayen Manhattan suna fitowa tsaf a bayan mutum. Na kowa ne, amma kuɗinsa na masu hali. Bai ce komai a kan ramukan ba, sai dai ya san ƙarfe nawa rana ke faɗowa daidai fuska. Da na gaya wa Yaya cewa wurin a da juji ne, a kan shara aka shimfiɗa ciyawar, ya ce shi bai biya kuɗin jirgi daga Abuja don ya hau bola ba.

Mai-araha kuwa ya ja mu gefe yana raɗa. Sirrinsa shi ne farashin yamma, wanda filayen gwamnati ke ragewa idan rana ta karkata. Ya san na Dyker Beach a Brooklyn, ya san na Pelham Bay da Split Rock a Bronx, har da ranar da ake yi wa tsofaffi ragi. Abin da ba ya faɗa shi ne bai taɓa ganin rami na 15 ba a rayuwarsa. Duhu ke korar sa, yana laluben ƙwallo da fitilar waya, magariba na wucewa. Jakarsa cike take da ƙwallayen da ya tsinto a daji, kowace da sunan wani Bature a jiki. Yaya ya ce masa safiya gare shi. Ya ce safiya ai ta masu almubazzaranci ce.

Duk wannan hayaniya, mamba na gaskiya yana nan zaune a motarsa bai tofa ba. Likitan zuciya ne, ɗan Zangon Kumasi, yana cikin wani kulob a Westchester. Haka suke: wanda ke da ƙofa ba ya shela, don ya san in ya buɗe baki duk masallacin baƙinsa ne. Ni na je na durƙusa a gefen tagar na ce, "Dokta, ga Yayana." Ya fito ya gaisa da hannu biyu, ya ce da farin ciki, sannan ya fara karanto sharuɗɗa. Riga mai kwala, a yi zanzaro. Ban da wandon jins. Waya a kashe ko a bar ta a mota. Baƙo ba ya zaro walat, komai a asusun mamba ake rubutawa, sai dai kuɗin mai ɗaukar jaka, wanda ake ba shi a hannu, kuma ladansa na wuni ɗaya zai iya biya maka wasa biyu a filin gwamnati. Yaya yana ta gyaɗa kai har aka zo kan cewa ba a shiga zauren kulob da hula. Ya kai hannu ya taɓa zannarsa. Mutumin da ko matarsa sai ta yi rantsuwa kafin ta ce ta ga tsakiyar kansa da rana! Dokta ya lura, ya yi murmushi, ya tambayi wace rana. Aka ce Litinin. Ya ce ayya, Litinin kulob a rufe yake, ranar gyaran fili ce, kamar yawancin irinsa. Ban taɓa ganin mutum biyu sun ji daɗin lalacewar magana lokaci guda kamar su ba.

A hanyar gida muka shiga tasi ɗin wani mutumin Maraɗi. Bai taɓa riƙe sandar golf ba, kuma a ganinsa babba ya riƙa bin 'yar farar ƙwallo cikin rana har awa biyar abu ne da ke buƙatar addu'a. Amma ya shekara goma sha biyu yana sauke masu jakar sanduna a ƙofofi, ya san wace ƙofa ke buɗewa. Ya ji Yaya yana mita, sai ya dube shi ta madubi. "Alhaji, Litinin ka ce? Baƙin Bethpage ma Litinin a rufe yake. Ka hau jirgin ƙasa mai lamba 1, kada ka sauka sai ya ƙare, titi na 242. Ka taka kaɗan, ga Van Cortlandt nan. Suna ba da hayar sanduna. Ka karɓi 'yar mota saboda gwiwar, don ramuka huɗun ƙarshe kan tudu suke, na sha ɗauko mutane daga can suna haki." Yaya ya ce, "Kai kuwa ina ka buga?" Ya ce, "Allah ya sawwaƙe."

Ran Litinin ƙarfe bakwai muna can. Aka haɗa mu da wata ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aikin dare, da wani tsoho ɗan unguwar mai gajeren wando, wanda ashe shi ne nau'in ƙarshe da ya rage mana, Mai-tarihi. Yaya ya sunkuya zai yi bugun farko, tsoho ya ce ko ya san yana tsaye a filin gwamnati mafi tsufa a Amurka? An buɗe shi a 1895 da ramuka tara, aka mayar da shi 18 a 1899. Yaya ya miƙe ya ce madalla, ya sake sunkuyawa. Tsoho ya ce shahararren ɗan wasa Babe Ruth ya buga a nan, haka ma Joe Louis ɗan dambe. Yaya ya kai bugu, ƙwallo ta yi dama ta shige bishiyoyi. Tsoho ya ce Joe Louis ma ba kullum yake dacewa ba. Haka muka yi ta tafiya, manyan motoci na ruri a titin da ya ratsa filin, ma'aikaciyar jinyar tana hamma tana cinye mu rami bayan rami. Yaya ya ɓatar da ƙwallo shida, ya tsinci huɗu, hularsa na kansa, wayarsa na aljihu a kunne.

Ran Laraba na raka shi filin jirgin sama na Kennedy. An auna kaya, ya cire takalmi ya riƙe a hannu yana bin layi, sai wayar ta yi ƙara. Na-san-mutum ne. Ina jin muryarsa daga inda nake tsaye: surukin likitan ya dawo daga Florida, magana ta kusa faɗawa, abu ɗaya ya rage. Yana so ya san ko Alhaji zai iya ƙara mako biyu, kuma ko Litinin ta yi masa.