Kun Ce Sai Kun Gani? To Ku Duba Bakin Rigarku

Jama'ar Rano da Kibiya, tun da na rubuta cewa jikin mutum, da na akuyarsa, da dawar da ke gonarsa, duk da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai aka gina su, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin halitta, kunnena bai huta ba. Wani dattijo daga Rurum ya aiko a gaya mini wai tun yana saurayi yake fiɗar rago, ya ga tsoka, ya ga kitse, ya ga tumbi da hanji, bai taɓa cin karo da wata ƙwaya ba. Wani matashi daga Tarai ya ce halin 'yan boko ke nan, idan suka shirya zuƙi ta malle sai su ce abin ƙanƙane ne, ido ba ya gani. Wata Hajiya kuwa ba ta tsaya ɓata bakinta ba, cewa kawai ta yi a tambaye ni ko na karya kumallo ranar da na yi rubutun.

Na karya, Hajiya, har da ƙari. Tunda kuma kun ce gani ya kori ji, bari mu fara da wadda ido ke gani ba da taimakon komai ba.

Baba na Rurum, ranka ya daɗe, sa hannu a bakin rigarka ta saƙi ka zaro zare ɗaya, ka warware shi a tafin hannu. Ka ga 'yan siraran silin nan da suka tashi? Kowane sili ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak. Ranar da furen auduga ya buɗe, wasu ƙwayoyi da ke fatar 'yar guryar da ke ciki sukan fara kumbura. Kowace ta miƙe tana ta tsawo har wajen mako 3, sai ta kai santimita 2 zuwa 3. Daga nan ta daina tsawo, ta koma kauraro bangonta daga ciki, shafi bisa shafi, da wani sinadari da ake kira selulos. Idan ƙwallon audugar ya fashe sai ta mutu, ta bushe, ta lotse, ta murɗe. Wannan murɗewar ce ke sa sili ya riƙe ɗan'uwansa sa'ad da tsohuwa ke kaɗi da mazari. Ashe, Baba, busassun ƙwayoyin halitta kake zurawa a wuya ka tafi ɗaurin aure, har ka fesa musu turare, ka dawo gida ka ce ba ka taɓa ganinsu ba.

Abin da ya fi ba ni dariya ma shi ne a ce daga Rano gardamar nan ta fito. Ku da tarihin Hausa Bakwai ya ba ku sarautar baba tare da Kano? Ku tsinko ganyen baba ku duba, kore ne shar, ba ko ɗigon shuɗi a jikinsa. Abin da ke ajiye cikin ƙwayoyin ganyen wani sinadari ne marar launi. Sai an daka ganyen ko an jiƙa shi, ƙwayoyin sun farfashe, sinadarin nan ya gamu da wani mai warware shi, iska ta buge shi, sannan shuɗi ya fito. Ba a nan ta tsaya ba. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa haka siddan. Shi ya sa marini ke zuba baba da toka a karofi ya bari su yi kwanaki, yana motsawa, yana jiran rini ya kama. Masu kama rinin wasu halittu ne da ake kira bakteriya, kowace ƙwaya ɗaya ce jal, su ne ke juya shuɗin ya narke ya shiga zare. Sai a tsamo zane a gan shi kore-kore, iska na taɓa shi yana komawa shuɗi a gaban idon mutum. Su ke aikin dare da rana, marini ke karɓar kuɗi. Kakanninku sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon waɗannan halittu a rami, ba su taɓa gaisawa ba.

Hajiya, ke ma ba ki tsira ba. Albasa a kwando ba ta taɓa sa kowa hawaye. A cikin kowace ƙwayarta akwai sinadarai biyu da aka raba wa mazauni. Wuƙarki ce ke rushe tsakaninsu, su haɗu, wani tururi ya tashi ya sami idonki. Dakusasshiyar wuƙa ta fi farfasa ƙwayoyin, don haka ta fi sa kuka. A kai ta wurin mai wasa wuƙa, a daina ɗora wa kishiya laifi.

Ga ɗan samarin Tarai kuma, wanda ya ce mun ɓoye a bayan ƙanƙanta, albasar nan dai ita ce maganinsa. Ka ɓare ta, ka zare 'yar farar fatar nan mai shara-shara da ke cikin kowane ɓawo, ka shimfiɗa a ɗan gilashi, ka ɗiga ruwa da ɗan aidin. Ka roƙi malamin kimiyya na sakandare ko ma'aikacin ɗakin gwaji ya sa maka a madubin likita. Da farko hazo za ka gani. Ka murɗa maɓallin a hankali, sai ga su sun fito layi-layi, dogaye-dogaye, kowace da bangonta, kowace da wani ɗan ɗigo mai duhu a gefe. Ɗigon nan shi ne cibiyar ƙwayar, a nan aka ajiye umarnin yadda za a yi albasa. Idan ka gama, ka ɗan kankaro cikin kumatunka da tsinke mai tsabta, a sa maka launi ka duba. Za ka ga naka, su ma da cibiyarsu, amma babu bango, sun baje yadda suka ga dama.

Kada ku ji kunya, an riga ku gardamar da shekara 300 da ɗoriya. A 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya fara bayyana waɗannan gidaje-gidaje da ya gani a ɓawon itace. Amma gwanin abin ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, mutumin da bai je jami'a ba, sai iya goge gilashi. A 1674 ya leƙa ruwan tafki ya ga halittu na iyo a ciki. Da ya ci gaba da aika wa manyan masana na Landan labarin abin da yake gani, sai suka yi masa irin abin da kuka yi mini, har sai da ya tara shaidu suka sa hannu, Hooke kuma ya duba da kansa a 1677 ya ce gaskiya ne. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa da na wasu tsofaffi ya iske abin yana motsi. Masu cin goro ba asuwaki, ban kama suna ba. Zuwa 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka yanke cewa tsiro da dabba duk da abu ɗaya aka gina su.

Abu ɗaya, amma ba iri ɗaya ba, manoman rani kuwa sun fi kowa sanin bambancin. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bi ta Ruwan Kanya ya gangara Bunkure da Kadawa da Kura, mutanen yankin nan suke kallon tumatir ya yi laushi da tsakar rana, a ba shi ruwa, kafin la'asar sakaliya ya miƙe. Ƙwayar tsiro tamkar tayar babur ce: bangon shi ne taya, a ciki akwai jakar ruwa a matsayin tif. Jakar ta cika ta tokare bango, ganye ya tsaya. Ta sace, ya langaɓe. Mai zuba takin zamani da yawa a gindin shuka yana cewa taki ya ƙona ta, alhali babu wuta: gishirin takin ne ya zuƙe ruwa daga ƙwayoyin saiwa. A cikin ƙwayoyin ganye kuma akwai wasu korayen ɗigo-ɗigo masu haɗa ruwa da iska da hasken rana su yi sukari. Dawa na tsaye wuri ɗaya tana girka abincinta, kai da ba ka da ko ɗaya daga cikinsu dole ka jira ta nuna ka ci nata.

Yanzu ga tambayar da babu wanda ya yi mini, ita ce kuwa ta fi nauyi. Me ya sa ake sara karan rogo ko rake ko reshen zogale a binne, ya yi saiwa ya yi ganye ya zama cikakkiyar shuka? Saboda kusan kowace ƙwaya mai rai a jikinsa tana ɗauke da umarnin shukar gaba ɗaya, ba na kara kaɗai ba. Mai aurar da mangwaro shi ma da wannan yake aiki. Akwai wani siririn shafi tsakanin ɓawo da itace inda ƙwayoyi ke ta rabuwa, idan na reshe bai dace da na gindi ba, ko an naɗe da leda goma auren ba zai yi ba. A 1958 wani masani a Amurka, F. C. Steward, ya raino cikakken karas daga 'yan ƙwayoyin da ya ɗebo a jikin wani karas. Dabba ce mai taurin kai. Umarnin yana nan a cibiyar ƙwayoyinta, amma da zarar ƙwaya ta zama ta fata ko ta hanta sai ta rufe sauran babin. Duk da haka a 1996, a cibiyar bincike ta Roslin da ke Sikotilan, aka haifi tunkiya mai suna Dolly daga cibiyar ƙwaya ɗaya ta hantsar wata tunkiya. An gwada sau 277 kafin a dace da ɗaya. Na faɗi adadin ne don kada wani a Durba ya yanke kunnen ragonsa ya binne yana jiran layya.

Wani malami ya aiko da nasiha cewa Allah ne Mai halitta, in kiyayi harshena. Allah ya gafarta Malam, ai ba mu saɓa ba. Wanda ya ƙirga haƙoran doki bai ce shi ya yi dokin ba. Kowannenmu daga ƙwaya ɗaya ya fara, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, huɗu takwas. Wajen mako 3 da shigar ciki zuciya ta fara bugawa. Babban mutum yana da ƙwayoyi wajen tiriliyan 30. A cikin kusan kowace mai cibiya akwai ƙullin gado 46, uwa ta ba da 23, uba 23. Alhazai, ku matso kusa. A cikin ƙullin nan akwai biyu masu yanke ko jariri namiji ne ko mace. Wanda uwa ke bayarwa kullum iri ɗaya ne, na uba ne ke sauyawa. Saboda haka mai shirin ƙaro aure wai don uwargida 'ya'ya mata take haifa masa, ya nemi wani dalilin, wannan daga wajensa saƙon ke fitowa.

A kan jini ne wasa zai ɗan tsaya. Mafi yawan ƙwayoyin jikinka jajayen ƙwayoyin jini ne, ɓargo na ƙera sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kowace ta yi wajen kwana 120 tana kai iska lungu-lungu. A cikinsu ne ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke ɓuya, ita ce mai gwaji ke nema idan ya shafa ɗigon jininka a gilashi. Idan ya ce zazzaɓi ne ba ka yi masa gardama, ka karɓi magani ka yi godiya. To madubin nan dai shi ne ke nuna jinin mai amosanin jini, wato sikila. Lafiyayyar ƙwaya zagayayya ce mai laushi, tana lanƙwasa ta wuce ta siririyar jijiya. Ta mai sikila takan ƙandare ta tanƙware idan iska ta yi mata ƙaranci, ta maƙale, ta toshe hanya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Ciwon ƙashin da ke sa yaro birgima cikin dare da sanyin hunturu ke nan, da rashin jini, da idon da ke yin ɗorawa. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba bakin dangin miji ba ne. Wani likita a Amurka, James Herrick, ya bayyana siffar ƙwayoyin nan tun 1910. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu wannan lalura, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da rabin gadonta, wato AS, lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba.

Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila. Kowane ciki na ce. Ba wai idan na fari ya zo da ita ukun da ke biye sun tsira ba. Gida ɗaya kan iya samun uku a jere. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na gadon sikilar nan. Doka ta yi nata, amma idan aka bari sai an haɗa lefe an buga kati sannan a je asibiti, kowa ya san takardar da ta zo da labari marar daɗi ba ta iya kayar da akwati goma sha biyu. Iyaye na Rano da Kibiya, ku yi ta gardama da ni a kan komai, ina maraba. Amma ku tura yaran nan gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a asibitin da aka yarda da shi, kuma waliyyan ɓangarorin biyu su ga sakamakon da idonsu.