Ire-iren 'Yan Cin Rani, Daga Tsaunukan Turai Zuwa Lambunan Tit

Da zarar hunturu ya kama a Turai, samari da 'yan mata kan tattara nasu ya nasu su nufi tsaunukan Alps, ko Kanada, ko Japan, su koya wa masu kuɗi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, daga Disamba zuwa Afrilu. A daidai lokacin, bayan gero ya shiga rumbu a Kance da Matamaye da Tawa, namu matasan suna hawa mota su bi ta Agadas da Arlit da Assamaka, su faɗa Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Wasu kan ƙara kusan kilomita 40 gaba, su sauka a Tit, ƙauyen lambuna da ke bakin babbar hanyar Sahara, inda hanyar Abalessa ta rabu. Da malamin zamiya mai jar riga a tsaunin Faransa da mai ban ruwan tumatir a Tit, duk cin rani suke yi. Wanda ya dube su da kyau zai ga cewa ba girman albashi ke raba mai riba da mai asara a cikinsu ba. Abin da ke raba su shi ne wane ne bai manta cewa aikin na 'yan watanni ne ba.

Na farko shi ne Na-Iya. A garinsu bai taɓa riƙe cokalin gini ba, amma da mai gida ya tsaya da mota yana neman magini, shi ne farkon ɗaga hannu. Gobe a nemi mai gyaran injin ban ruwa, shi ne dai. Katangarsa kan tsaya har a biya shi, daga nan sai abin da Allah ya yi. Faransa ta yi maganin irinsa da takardar shaidar gwamnati, wadda sai da ita ake koyar da zamiya don kuɗi. A Tit kuwa shaidar mutum bakinsa. Abokin ɗakinsa shi ne Mai Raina Sanyi, wanda ya ji an ce Sahara ya zo da 'yar shara da silifa, bai san Tit na kan tudu sama da mita 1,000 ba, kuma dutsen Tahat da ke yankin, mai tsayin mita 2,908, ya fi kowane dutse tsawo a Aljeriya. Kuɗin watansa na farko a bargo da hular sanyi yake ƙarewa, alwalar asuba kuma ta zame masa jarrabawar imani. Waɗannan biyu laifinsu ƙarami ne, domin aiki da sanyi malamai ne masu saurin koyarwa.

Sai Balaraben Wata Uku. Da ya haddace "wesh rak" da "la bas" da "bezzaf", Hausa ta fara yi masa nauyi a baki. Ranar da ya koma gida, tsohuwarsa ta ce masa "sannu da hanya, ɗan nan", ya amsa da "sahha", ta juya tana tambayar ƙannensa ko zazzaɓi ne. Yayansa a wannan fanni shi ne Ɗan Rakiya, wanda ya samu aikin wanke tukwane a ayarin 'yan yawon buɗe ido, masu zuwa tsakanin Oktoba da Afrilu don ganin fitowar rana a Assekrem, inda wani mai suna Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911. Ainihin jagororin Buzayen yankin Ahaggar ne, waɗanda suka gaji sanin kowane kwazazzabo. Shi kuwa da ya naɗa rawani mai shuni ya rufe baki, ya zama masanin tarihi. A nan Tit ne, ranar 7 ga Mayu 1902, mayaƙan Laftanar Cottenest na Faransa suka karya dakarun Buzaye. A bakin Ɗan Rakiya, yawan waɗanda suka faɗi a yaƙin yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin aljihun mai saurare. Shi ne ya fi kama da malamin zamiya: murmushi ne jarinsa, tukwici ne ribarsa, wayarsa cike da lambobin Turawan da suka yi masa alkawarin biza a gefen wuta, suka manta da shi tun a filin jirgi.

Na biyar Mai Hoto ne. Yana jingine da Toyota ta mai gida, hannu ɗaya a kan madubi, ya ɗauka ya ɗora a Facebook. Ɗakin da suke kwana su da yawa a kan tabarma ba ya taɓa fitowa. Hoton nan bashi ne, domin ƙauye ya gani ya sa masa farashi: inna na jiran zani, baba na jiran buhun taliya da madarar gari, budurwa na jiran waya. Da damina ta kusa ya ƙirga dinarinsa ya ga bai kai hoton ba, sai ya rikiɗa ya zama na shida, wato Baɗi-Zan-Koma. Wannan ya zo rani ɗaya, ga shi furfura ta cim masa. Ya san farashin komai a kasuwar Tamanrasset, bai san sunan ɗan autan yayarsa ba. Tsaunukan Turai ma suna da irinsa, dattijon da ya je hunturu ɗaya kafin ya shiga jami'a. Kishiyarsu duka shi ne Mai Ƙulli, wanda burodi da shayi suka ishe shi, yana juya kowane dinari zuwa sefa a ka kafin ya kashe. Ana yi masa ba'a da marowaci, amma shi ne ruwan shuka ke samu a gona, da sabon ɗan maraƙi a turke.

Wani zai ce wannan ba wurin dariya ba ne, kuma yana da hujja. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, galibi mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Tun daga 2014 ake kwaso mutane ana mayarwa Nijar, wasu a zube su a hamada su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka. Malamin zamiya na da fasfo da inshora, namu sau da yawa babu ko ɗaya, don haka, in ji mai suka, takarda ce ke yanke hukunci, ba hali ba. Gaskiya ne takarda ce ke zaɓar wanda zai isa da wanda za a kora, kuma wannan zalunci ba abin wasa ba ne. Amma mutum biyu a ɗaki ɗaya, a lambu ɗaya, da lada ɗaya, ɗaya ya dawo da maraƙi ɗaya da hoto, ba takarda ta raba su ba. Su kansu 'yan cin rani sun fi kowa iya yi wa juna laƙabi a zaman shayi, kuma wanda ya hana a ga abin dariyarsu ya mayar da su adadi kawai a rahoton ƙungiyoyin agaji.

Wani kuma zai kare Baɗi-Zan-Koma, ya ce gonar da ba ta ciyar da gida wata shida ba ta cancanci a koma mata ba. To, wanda ya zauna ya yi lissafi ya zaɓi zama, ya kama sana'a, yana aike gida, ba shi ake nufi ba. Ana nufin wanda kunya ta riƙe. A nan ne laifi ke dawowa kanmu. Ayarin Buzaye da a da ke kai gishirin Amadghor zuwa Damargu su dawo da gero sun san lokacin tashi da na juyowa, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mu kuwa muna tarbar mai dawowa da ido a kan jakarsa, kafin a tambaye shi gajiya. Muddin dawowa hannu Rabbana ta fi ɓata a hamada zama abin gori, mu ne za mu ci gaba da ƙera Mai Hoto da Baɗi-Zan-Koma, sa'an nan mu zauna a bakin masallaci muna mamakin inda samarin garin suka shige.